Tumatirin Gado a Lambun Gida: Ma'anarsa da Hanyar Renonsa

Gabatarwa

Tumatir baƙo ne da ya zama ɗan gida. Asalinsa yankin tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, a Meziko kuma aka mayar da shi amfanin gona. Sunansa ma ya yi doguwar tafiya: daga "tomatl" na harshen Nahuwatil ya shiga Sifaniyanci, ya ratsa Ingilishi, har ya iso bakin Bahaushe. Wannan maƙala za ta dubi wani rukuni nasa da masu lambu a Amurka ke kira tumatirin gado, ta fayyace abin da ya bambanta shi da irin haɗi na kamfani.

Mene ne Irin Gado?

Irin gado shi ne wanda iyali ko al'umma suka daɗe suna ajiye ƙwayarsa, suna shukawa shekara bayan shekara, yana fitowa da kamannin iyayensa. Sirrin yana cikin furen. Furen tumatir na ɗauke da sashen namiji da na mace, kuma galibi shi ke yi wa kansa barbara, don haka siffofinsa kan tsaya daram. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma wannan tumatir ya cika sharaɗin.

Irin haɗi kuwa ana samar da shi ne ta hanyar haɗa iyaye biyu mabambanta. Zubin farko kan zo da yawan 'ya'ya da juriyar cuta. Amma in manomi ya ajiye ƙwayarsa ya sake shukawa, sai siffofin su rarrabu, kamar yadda Gregor Mendel ya nuna a aikinsa na 1866 kan wani nau'in wake. Ke nan dole mai shi ya koma kasuwa sayen iri kowace shekara.

Fargabar ɓacewar tsofaffin iri ce ta sa Kent da Diane Whealy suka kafa ƙungiyar Seed Savers Exchange a 1975. Cikin abin da suka fara da shi akwai tumatirin German Pink, wanda kakannin Diane suka zo da shi daga Bavariya ta Jamus.

Riba da Wahala

Babbar ribarsa ita ce ɗanɗano. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2012 ya nuna cewa siffar da ke sa tumatirin kasuwa ya nuna bai-ɗaya, jawur ba tabo, ita ce kuma ke rage masa zaƙi. Yawancin irin gado bai ɗauki wannan siffa ba.

Sai dai ba a samun daɗi kyauta. Fatarsa siririya ce, yana saurin tsagewa, ba ya jure doguwar tafiya a kwando, kuma cututtukan ƙasa sun fi kama shi. Shi ya sa lambun gida ya fi dacewa da shi, inda tazarar da ke tsakanin reshe da tukunya taku kaɗan ce.

Reno da Ajiyar Iri

Ana yafa ƙwayar a wurin reno, a yi dashe bayan mako 4 zuwa 6, da tazarar kimanin santimita 60. Yawancinsa yana ta tsawo har ƙarshen rayuwarsa, saboda haka sai an kafa masa sanda. A zuba ruwa a gindi ba a ganye ba, kuma a kan kari, domin ƙishi da ƙoshi a jere su ke tsaga 'ya'yan. In zafi ya haura digiri 32, fure kan zube, abin da ya sa hunturu ya fi dacewa da shi a ƙasar Hausa.

Wajen ajiyar iri, a zaɓi nunannen ɗa daga lafiyayyar shuka, a matse ƙwayar da ruwanta cikin kwano, a bar ta kwana 2 zuwa 4 ta yi tsami. Tsamin ne ke narkar da yauƙin da ke hana ta tsiro. Daga nan a wanke, a shanya a inuwa, a adana a busasshen wuri mai sanyi. Takan kai shekara 4 da ranta.

Kammalawa

Irin gado ba ya rayuwa sai da mai shuka shi. In aka yi 'yan shekaru ba wanda ya sa shi a ƙasa, ya tafi ke nan, shi da sunansa. Akwai aiki a nan ga masu nazarin Hausa: su shiga lambuna da fadamu su tattara sunayen da manoma ke kiran tsofaffin irin tumatir, gauta da kuɓewa da su, tun tsofaffin da suka san su suna raye.