Arzikin Ƙasa Ne Ya Ƙaru, Ko Farashi Ne Ya Hau?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau zan yi magana ne kan wani ma'auni da ba a cika jin sa a labarai ba, alhali shi ke raba aya da tsakuwa duk sanda aka ce mana tattalin arziki ya bunƙasa. Masana na kiran sa difileta na GDP. Ni kuwa na fi son in ce masa ma'aunin sace iska.

GDP dai shi ne jimillar kuɗin duk kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa a shekara. To amma wannan adadin yana iya kumbura ta hanya biyu: ko an ƙara samar da kaya, ko farashi ne kawai ya tashi.

Mu ƙaddara ƙasar nan masara kaɗai take nomawa. Bara an samu buhu 100, kowane a naira 20,000, kun ga miliyan 2 ke nan. Bana an samu buhu 105, kowane a naira 30,000, ya zama naira 3,150,000. Ɗan siyasa zai hau mumbari ya ce arziki ya ƙaru da fiye da rabi. Amma in ka lissafa buhunan bana da farashin bara, naira 2,100,000 ce kawai. Ƙaruwar gaskiya kashi 5 ce cikin 100, sauran duk iska ce.

Yanzu raba 3,150,000 da 2,100,000, ka ninka da 100. Za ka samu 150. Wannan shi ne difileta, yana gaya maka farashi ya hau da kashi 50 cikin 100 daga shekarar da aka ɗauka a matsayin tushe.

Wani zai ce, ai muna da alƙaluman hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ke fitarwa duk wata. Haka ne, amma aikinsu daban. Na wata-wata yana bin kwandon abin da magidanci ke saya ne: abinci, haya, sufuri, magani, har da na waje kamar wayar da aka shigo da ita daga Chaina. Difileta kuwa abin da aka samar a gida kaɗai yake kallo, ko da kai ba ka saya, kamar ɗanyen man da ake fitarwa ko titin da gwamnati ta gina. Shi ya sa in naira ta faɗi, kamar yadda aka gani bayan Yunin 2023, kayan waje na shiga kwandon magidanci kai tsaye. In kuma farashin ɗanyen mai ya karye a duniya, kamar a 2020, yana jan difileta ƙasa ko da shinkafa na tashi a kasuwar Singa.

Sai maganar shekarar tushe. A 2014 Najeriya ta sauya tushen GDP daga 1990 zuwa 2010, sai ga adadin ya kai kusan dala biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu. Ba wanda ya wayi gari da ƙarin kuɗi a aljihu, lissafin ne aka sabunta. A 2025 an sake mayar da tushen zuwa 2019. A shekarar ce kuma aka sabunta kwandon magidanci, hauhawar farashi ta koma kashi 24.48 a Janairu daga 34.80 a Disamba, ba tare da kaya sun yi sauƙi ba.

Saboda haka, gobe in wani ya zo neman ƙuri'arka da manyan alƙaluma, ka tambaye shi: an sace iskar farashi daga wannan adadin? Da wace shekara aka auna? In kuma maganar albashinka ce ko kuɗin cefane, ma'aunin kwandon magidanci za ka duba.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, zan amsa a shiri na gaba in sha Allah. Ku huta lafiya.