Karɓe Lasin Direba da Hakkinsa na Kare Kansa: Misalin Kalifoniya

Abin da za mu duba yau shi ne: in hukuma ta karɓe lasin mutum bisa zargin ya yi tuƙi cikin maye, shin yana da bakin magana? Za mu ɗauki Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka ta zama misalinmu.

A cikin 1971, a shari'ar Bell da Burson, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa lasin da aka riga aka ba mutum ba a ƙwace shi sai an bi ƙa'idar shari'a, domin sau da yawa da shi yake neman abincinsa. A 1979 kuwa, a shari'ar Mackey da Montrym, ta yarda a dakatar da lasin wanda ya ƙi gwajin numfashi nan take, muddin za a saurare shi ba da jinkiri ba.

To, a Kalifoniya, tun daga 1990, in barasar da ke jinin direba ta kai kashi 0.08 cikin 100, ɗan sanda yakan karɓe lasinsa ya ba shi takardar wucin gadi ta kwana 30. Daga nan maganar ta rabu biyu, watau tuhumar laifi a kotu, da batun lasin a Ma'aikatar Motoci ta jihar. Kwana 10 rak aka ba direba ya nemi ma'aikatar ta saurare shi. In ya yi sakaci, sai a dakatar da lasinsa wata 4 a karon farko, ko shekara 1 in ƙin gwajin ya yi.

A wurin zaman, tambaya uku ake yi. Ɗan sandan yana da dalilin zarginsa? Kamun ya bi doka? Barasar ta kai ma'aunin? Direba yana iya kawo lauya da shaidu, ya ƙalubalanci ingancin na'urar gwajin, sa'an nan ya kai ƙara kotu in bai gamsu ba.

A 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce ba daidai ba ne jami'i guda ya gabatar da hujjar ma'aikata, shi ne kuma mai yanke hukunci. Lalle ma'aikaci ya lura da wannan: tsare rayukan jama'a a kan hanya wajibi ne, amma wanda za a hana wa sana'arsa sai an ji ta bakinsa a gaban wanda ba shi da ɓangare.