Me ya sa harafin ƙ ke cinye kuɗin saƙon salula?

Duk mai sayar da tumatir a babbar kasuwar Maradi ta san dala 20 da faran 100 kuɗi ɗaya ne, ƙirgar ce ta bambanta. To haka abin yake ga kwamfuta da wayar salula. Su ba su san komi ba sai lamba biyu, 0 da 1: wuta ta ɗauke, wuta ta kawo. Abin da muke ce wa 100, a wurinsu 1100100 ne. Da yake wannan jerin yana gajiyar da ido, masana sukan taƙaita shi da ƙirgar goma sha shida-shida, mai amfani da 0 zuwa 9, sannan A zuwa F. A nan 100 sai ta koma 64, wato sha shida sau shida, a ƙara huɗu.

Haruffa ma lamba aka ba kowane. A tsarin ASCII da Amurka ta fitar a 1963, babban A shi ne 65.

Ga inda abin ya shafi aljihunku. Saƙon SMS guda yana ɗaukar ƙwaya 1120 na waɗannan 0 da 1, ba ƙari. Turawan da suka tsara shi sun yi jadawali mai gurbi 128, kowane harafi ƙwaya 7, shi ya sa saƙo ke cin harafi 160. Sun sa é da à na Faransanci, amma ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, balle ƴ tamu ta Nijar. Waɗannan sai a Unicode, babban kundin haruffan duniya da ya fito a 1991, inda lambar ƙ take 0199, ta ƴ kuwa 01B4.

Da zarar ƙ ɗaya tak ta shiga, waya sai ta juya saƙon baki ɗaya zuwa ƙwaya 16 kowane harafi. Ku raba 1120 gida 16: saura harafi 70. Ke nan ɗan kasuwar Damagaram da ya aika wa dillalinsa na Tawa farashin albasa cikin harafi 100, saƙo biyu zai biya.

A WhatsApp babu wannan iyaka, can sai a rubuta Hausa da lanƙwasarta. A SMS ma akwai inda rowa ba ta da amfani: wanda ya rubuta "kari" a maimakon "ƙari" a kan maganar ciniki, ya bar abokin hulɗarsa da canke.