Saƙo Ya Isa Kafin Layi Ya Yanke

Tun da Mai Wurno Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a 1906, mutanenmu ba su fasa aika takarda gida ba. Bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, dubban Hausawa suka shiga aikin auduga a Jazira, alhazai masu komawa yamma kuwa su ne 'yan saƙo. Takarda kan yi watanni a hanya, saboda haka mai rubutu yakan cika ta da gaisuwa, daga tsofaffi har jarirai, kafin ya zo kan magana. A wancan zamani wannan ba laifi ba ne.

To, amma zamani riga ne. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, ya watsa ƙauyuka da dama. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke a yawancin ƙasar, har jama'a suka koma biyan kuɗi a kasuwanni domin samun intanet na Starlink na ɗan lokaci. A nan ne muka ga yadda doguwar jimla ke cutar da mai ita: ana cikin share fage sai layi ya yanke, ainihin maganar ba ta fita ba.

Mu duba wannan: "Bayan dubun gaisuwa, ina sanar da kai, kamar yadda wataƙila ka riga ka ji daga bakin mutane, cewa mu dai mun taso, ko da yake da farko ba mu yi niyya ba." Mai karatu ya gama, bai san inda suke ba, balle abin da suke bukata.

Ga kuma wannan: "Yaya, salamu alaikum. Mun bar ƙauye ran Talata, muna Gadarif a makarantar da ke bayan kasuwa. Inna ba ta da lafiya, a turo kuɗin magani ta Bankak." Ladabi bai ɓata ba, saƙo kuma ya isa.

Sai dai a kula, taƙaitawa ba ta nufin zubar da komai. Abubuwa huɗu ba a taɓa su: suna, wuri, rana da bukata. Sanarwar cigiyar da aka cire wa sunan uba da na ƙauye ba ta da amfani, domin masu suna ɗaya suna da yawa. Abin cirewa shi ne maimaici, da dogon uzuri, da labarin da mai karatu ya riga ya sani.

Malamanmu na allo sun daɗe suna cewa mafi alherin magana ita ce wadda ta gajarta kuma ta fahimtar. Don haka kafin mu aika, mu sake karantawa, mu tambayi kowace kalma aikin da take yi. Allah Ya sada kowa da nasa, amin.