Yadda waya ta shiga kamfen ɗin shugaban ƙasa

A da, ɗan takara yana dogara ne da gangami, da fastoci, da sojojin baka a gidan rediyo. Yanzu duk mai waya da data ya zama ɗan kamfen, ko an aike shi ko ba a aike shi ba.

Zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 ya nuna haka. Peter Obi ya tsaya a jam'iyyar Labour, wadda a lokacin ba ta da gwamna ko ɗaya. Matasa ne suka ɗauki tallarsa a Twitter da TikTok, suna yanka bidiyon jawabansa suna yaɗawa. An yi ta yi musu ba'a cewa ba a kaɗa ƙuri'a a intanet, sai ga shi ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6, har ya doke Tinubu a Legas. Duk da haka na uku ya zo.

A Arewa, saƙon murya na WhatsApp ya fi shiga jiki. Wanda bai iya karatu ba ma zai saurara, kuma idan daga yayanka ya fito, ba ka cika tambayar tushensa ba. Nan ƙarya ke samun gindin zama. Jita-jitar cewa Buhari ya rasu, an maye gurbinsa da wani Jubril ɗan Sudan, ta yi ƙarfi har sai da ya ƙaryata da bakinsa a Disamba 2018.

Kuma ba kowa ke yin kamfen ɗin waya don Allah ba. Binciken BBC na Janairu 2023 ya gano cewa jam'iyyu na biyan masu ɗimbin mabiya a asirce don su ɓata abokan hamayya.