Ana Sauraron Narambaɗa a Abuja, Amma Wa Ke Koyon Kotso?

Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekarar da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a Abuja. Ibrahim Narambaɗa kuwa ya kwanta dama tun babu ko maganar gina birnin. Amma yau muryoyinsu na tashi a tashar Zuba, da rumfunan 'yan canji na Wuse Zone 4, da cikin motocin manyan ma'aikata masu dawowa daga sakatariya. Tsofaffin waƙoƙin fada sun samu sabuwar kasuwa a garin da babu fadar da aka yi su dominta.

Babban dalili shi ne waya. A da sai mutum ya jira shirin Rediyon Kaduna ko ya nemi kaset. Yanzu mai tura waƙa a Mararaba zai cika maka memori da Shata, da Jankiɗi, da Sa'idu Faru, da Barmani Choge, kafin shayinka ya huce. Akwai kuma kewar gida: Bazamfaren da aiki ya riƙe a Garki yana jin Sakkwatancin Narambaɗa, sai hankalinsa ya koma garinsu.

Sai dai yawan saurare bai haifar da sababbin makaɗa ba, kuma nan ne abin ke damuna. Makaɗin fada da ubangida yake rayuwa. Narambaɗa ya zauna a inuwar Sarkin Gobir na Isa, Amadu, ana ba shi doki da riga da hatsi, shi da 'yan amshinsa suna shafe lokaci suna tace baiti guda. Yau kuɗin yabo ya koma hannun 'yan siyasa, da yawansu a Abuja suke kwana, kuma ɗan takara ba ya jira. Waƙa yake so gobe, a buga da fiyano a situdiyo, ta karaɗe TikTok kafin ranar zaɓe. Yaron da zai yi shekara goma yana ɗaukar kotso a bayan maigida, me zai ci?

Su kansu waƙoƙin da ke yawo sun sha wuya. An kwafe su daga kaset zuwa kaset har ganga ta dushe, an yanke farkon wasu, an liƙa wa wasu sunan makaɗin da ba shi ya yi su ba. Matashi zai haddace amshi bai san sarkin da ake wasawa ba, balle yariman da ake wa zambo. Magada kuma da wuya su ga ko sisi, duk da dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023.

Ta fuskar adanawa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun tattara tarihin Shata a littafin Shata Ikon Allah a 2006, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi wa makaɗan fada irin wannan hidima. Takarda ke nan. Sautin asali yana kan tsofaffin faya-fayen gidajen rediyo, musamman na Kaduna, kuma zare ba ya jure zafi da ƙura har abada. Hedikwatar Rediyon Tarayya tana nan Abuja, a Garki, kuma daga ofisoshinta ne ya kamata umarni da kuɗin kwashe su zuwa kwamfuta su fito.