Ƙwallon Kwando: Wasan da Aka Ƙirƙiro Don Gyaran Hali

Ƙwallon kwando na cikin wasannin da aka san ranar haihuwarsu da wanda ya ƙirƙiro su. A watan Disamba na 1891 wani malami ɗan ƙasar Kanada, James Naismith, ya kafa kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a ɗakin motsa jiki na makarantar ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA da ke Springfield, jihar Massachusetts a Amurka. Ya raba ɗalibansa 18 gida biyu, ya miƙa musu ƙwallon ƙafa, ya ce su jefa a kwando. Naismith ya yi karatun tauhidin Kirista a Montreal, kuma hanyar zama fasto a buɗe take gabansa, amma ya zaɓi filin wasa domin ya gamsu cewa a nan ma ana iya tarbiyyar matasa. Shugabansa a makarantar, Luther Gulick, shi ne ya tsara tambarin nan mai kusurwa uku na YMCA, wanda ke nufin ruhu da hankali da jiki, kowanne na tallafar ɗan'uwansa.

Wannan manufa ta shiga cikin dokoki 13 da Naismith ya rubuta. Ya lura cewa a wasannin da ake ruga gudu da ƙwallo a hannu dole sai an yi kokawa kafin a ƙwace ta, don haka ya hana gudu da ita. Wanda ya kama sai ya jefa wa wani. Ya hana bangaza da riƙo da turi da taɗiya da duka. Wanda ya yi laifi na biyu yakan fita har sai an ci kwando, wanda kuwa aka ga da niyya ya so jikkata wani ya bar wasan ke nan, ba a kuma maye gurbinsa. Idan ɓangare ɗaya ya yi laifi uku a jere, ana ba abokan hamayya ci guda. Kwandon kansa an ɗaga shi sama, mita 3 da ɗan ɗoriya, domin mai saiti da natsuwa ya fi mai ƙarfin tuwo samun rabo. Dokoki da yawa sun sauya tun daga lokacin, an zo da buga ƙwallo a ƙasa ana tafiya, an rage 'yan wasa zuwa biyar-biyar, amma ƙashin bayan yana nan: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai zafin zuciya ƙungiyarsa yake cuta.

Masu horarwa Kiristoci sukan kafa hujja da wasiƙar Manzo Bulus ta farko zuwa ga Korantiyawa, babi na 9, inda ya kwatanta rayuwar mai bi da ta ɗan tsere wanda ke kame kansa cikin komai saboda ladan da ke gaba. Kamun kai ɗin nan shi ne darasi na farko, tawali'u da gaskiya na biye. A 1954 wani kocin ƙwallon kwando a Oklahoma, Don McClanen, ya kafa ƙungiyar Fellowship of Christian Athletes a kan wannan tunani, kuma har yau tana aiki da masu horarwa da ɗalibai.

Wanda ya fi kowa nuna yadda abin yake a aikace shi ne John Wooden, kocin jami'ar UCLA, wanda ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 tsakanin 1964 da 1975, bakwai daga ciki a jere. Kirista ne mai riƙo da addininsa, amma ba da wa'azi ya shahara ba. Atisayen farko na kowace shekara yakan zaunar da samarin, manya-manyansu, ya koya musu yadda ake sa safa ba tare da ta tattare ba da yadda ake ɗaure takalmi, domin bororo a ƙafa na iya hana mutum wasa, kuma wanda ya raina ƙaramin abu zai raina babba. Ya hana ashar. Ya wajabta wa duk wanda ya ci kwando ya yi wa wanda ya miƙo masa ƙwallon alamar godiya. Da wuya 'yan wasansa su ji yana maganar cin wasa. Abin da yake nema shi ne kowa ya kai iyakar abin da zai iya. Tun kafin ya yi suna, a 1947, lokacin yana horar da Indiana State, ya ƙi amsa gayyatar wata babbar gasa saboda an hana baƙaƙen fata shiga, alhali akwai baƙar fata, Clarence Walker, a cikin yaransa. Da aka janye dokar a shekara ta gaba, ya tafi da shi.

Akwai wani ɓangare na tarihin Wooden da ya fi shafar ƙasar Hausa. Fitaccen ɗan wasansa, Lew Alcindor, ya musulunta a 1968 yana ɗalibi a hannunsa, daga baya duniya ta san shi da Kareem Abdul-Jabbar. Wannan bai rage masa matsayi a ƙungiya ba, bai kuma taɓa zumuncinsu ba; sun yi abota har rasuwar Wooden a 2010 yana da shekara 99. Musulmi ma sun nuna irin wannan horon kai a fili ɗaya. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995, yakan buga wasa da azumi a bakinsa, kuma a Fabrairun 1995, da ya dace da Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata.

A Arewa, Zariya da Kano ne gidajen wasan. A Zariya wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda aka fi sani da OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kafa gidauniyar Giants of Africa a 2003, ya kuma jagoranci Toronto Raptors zuwa kofin NBA a 2019. A Kano kuwa ƙungiyar Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta sha ɗaukar kofin ƙasa.

Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da suka haɗu a masarautar Karaye, ba su da nisa da waɗannan birane. Rogo ma iyaka take da jihar Kaduna. Ƙwallon ƙafa ce sarauniya a can, kamar ko'ina. Amma yanki ne da Hausawa Kiristoci, yawancinsu zuriyar Maguzawa, ke zaune a ƙauyuka tare da maƙwabtansu Musulmi, kasuwa ɗaya, gona kusa da gona, 'ya'yansu a aji ɗaya. Duk malamin motsa jiki ko shugaban matasan coci da ya samu daɓen mita 28 da faɗin 15 ya kafa kwando biyu, to yaran addinai biyu zai tara, kuma nan take tambayoyin da Wooden ya fuskanta za su zo masa da kayan gida. Sai ya tsara lokacin atisaye yadda ba zai ci sujadar Lahadi ko sallar Juma'a ba, ya sassauta gudu a watan azumi. Addu'a kafin wasa abu ne da aka saba, amma tilasta wa yaro addu'ar da ba tasa ba cin amanar iyayen da suka ba da shi ne, kuma sau ɗaya aka yi haka filin ya mutu. Roƙon a dawo lafiya, a yi wasa da gaskiya, ya fi dacewa da roƙon a kayar da 'ya'yan wasu.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce ta shekaru. Rage wa yaro shekarun haihuwa don ya shiga gasar 'yan ƙasa da 15 ko 17 ya zama ruwan dare a wasannin Najeriya, har hukumar FIFA ta taɓa dakatar da ƙasar a 1989 saboda saɓani a shekarun wasu 'yan ƙwallon ƙafa. Kocin da ya karanta wa yara ayar gaskiya da safe, da yamma ya sa hannu a takardar ƙarya, ya koya musu darasi na biyun, domin shi suka gani da idonsu. Haka yake ga yadda yake magana da alƙalin wasa idan hukunci ya ƙi shi, da yadda yake yi da dogon yaron da ke ci masa kwando amma ba ya zuwa aji. Ajiye irin wannan yaro a benci ranar babban wasa yana iya jawo shan kashi da surutun gari, kuma nan ne ake gane kocin da ke nufin abin da yake faɗa.

Ga 'yan wasa, akwai wata tsohuwar al'ada da ta dace a riƙe: wanda aka busa wa laifi yakan ɗaga hannu ya amsa cewa shi ne. A filin unguwa, inda babu alƙali babu usur, yaran ne ke kama laifin kansu, kuma wanda aka san shi da musu ba a daɗewa ake daina kiransa wasa.